Zan Je Hutu Dublin: Abokaina Mashaya Suke So, Ni Kuwa Tsire

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, shekarata 31. Yayata tana aikin jinya a Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, ta gayyace ni hutun kwana goma a watan Yuli, kuma abokan aikina biyu za su biyo ni. Su duk shirinsu a kan mashayun Ailan ne da yawon dare. Ni Musulmi ne, ba na sha. Abin da ke raina shi ne abincin bakin titi, don mutum ne ni mai son tsire da shayin dare. Yaya zan tsara tafiyar nan ba mu ɓata da juna ba, ban kuma ci abin da bai halatta ba?

Mai karatu, daga Kaduna

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya kai ku lafiya. Kafin komai ku duba biza. Ailan ba ta cikin tsarin Shengen na bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai, kuma bizar Ingila ba ta shigar da ɗan Najeriya Dublin, sai an nemi tata daban. Kuɗinsu yuro ne.

To, batun tsire, gara ka ji daga bakina tun yanzu: babu mai tukuba a bakin titin Dublin, babu mai shayi da benci da fitila. Gari ne na ruwan sama da iska, mutanensa a cikin ɗaki suke cin abinci. Abin da za ka kira abincin titi a can iri biyu ne: na kasuwannin ƙarshen mako, da na ƙananan shagunan da ake naɗe maka a takarda ka fita kana ci. Idan ka ɗauke shi a haka, ba za ka ji an cuce ka ba.

Fara da soyayyen kifi da dankali. Akwai tsohon shago, Leo Burdock, kusa da majami'ar Christ Church, tun 1913 ake suya da wannan suna. A barbaɗa maka gishiri da ruwan tsami, ka ci da zafinsa, don da ya huce ya zama wani abu dabam. Amma ni inda na fi jin daɗin kifi shi ne Howth, ƙauyen masunta da jirgin ƙasa na DART ke kaiwa cikin kamar rabin awa. Ka zauna a bakin gaɓa, sai dai ka rufe takardarka da hannu, don tsuntsayen tekun can sun fi shirwar mahauta rashin kunya. Ranar Asabar da hantsi akwai kasuwar abinci a unguwar Temple Bar, ga burodi, ga cuku, ga kayan zaƙi. Idan kewar gida ta taso, ka bi ta titin Moore, inda masu tebur ke tallar kayan lambu da murya kamar a Kasuwar Barci, ga shagunan 'yan Afirka da 'yan Asiya a gefe.

Nama kuwa, ka nufi wajen South Circular Road. Can Masallacin Dublin yake, ginin da a da majami'a ne, kuma kewayensa akwai mahauta da gidajen abinci na halal. Yayarka ta fi ni sanin wanda ya fi iya gashi a yanzu. Matasan garin suna haukar wani abu da ake kira spice bag, soyayyar kaza ce da dankali da barkono da albasa a jakar takarda, daga shagunan 'yan Sin. Shi ne ya fi kusa da ɗanɗanon da harshenka ya saba, sai dai ka tambayi asalin kazar.

Ga wuraren da tarkon yake. Karin kumallon da suke alfahari da shi cike yake da naman alade, har da wani baƙin yanka mai suna black pudding da ake yi da jini. Farfesun ragonsu ba a saba zuba masa giya ba, amma na naman sa sau da yawa da Guinness ake dafa shi, wasu kuma suna kwaɓa fulawar kifi da giya. Tambaya ba ta ɓata wa kowa rai a can. Kada kuma sunan ya ruɗe ka. Mu nan mun saba da Malta Guinness, don kamfanin ya kafa masana'anta a Ikeja tun 1962, amma a Dublin, inda aka fara shi a 1759, duk wanda ya ce Guinness giya yake nufi. Ni kaina a makona na farko na ga cider a takardar abin sha, na ɗauka ruwan tufa ne zalla. Da aka ajiye kofin, warin da ya daki hancina ne ya cece ni. Wanda babu giya a cikinsa sunansa Cidona. Haka shandy akwai giya, amma rock shandy lemo ne kawai.

Yanzu mu zo kan mashaya, wadda suke kira pub. A wurin mutumin Ailan ita ce majalisar unguwa: nan ake kallon ƙwallo, nan ake haɗuwa bayan jana'iza, nan ake cin abincin rana, har yara ana shiga da su kafin dare ya yi. Tun 2004 aka hana shan taba a ciki. Duk da haka giya ake sayarwa, kuma ka san akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan ta. Wannan hukunci na malaminka ne, ba nawa ba. Shawarata ɗaya ce: ka yanke matsayinka tun kana Kaduna, ka faɗa wa abokanka kafin a sayi tikiti. Rigimar tafiya ba a gida take tashi ba, sai an tsaya a ƙofar wuri cikin ruwan sama, biyu na cewa a shiga, ɗaya na noƙewa.

Ba kuma za a yi maka kallon baƙon abu ba. Ƙasar tana da tsohon tarihin masu ƙaurace wa giya. Wani limamin Katolika, Father Mathew, ya fara gangamin barin ta a Cork a 1838, har akwai gada mai sunansa a kan kogin Liffey a Dublin.

Abin da ke jan baƙi da yawa zuwa mashayun nan kiɗa ne. Makaɗa ke zama a lungu, da goge da sarewa da wata ganga mai fuska ɗaya da suke kira bodhrán, babu dandamali babu lasifika. The Cobblestone a unguwar Smithfield ta yi suna a wannan. Ka gaya wa abokanka dokoki biyu: idan wani ya fara waƙa shi kaɗai, kowa shiru yake yi; idan kuma aka saya maka abin sha a cikin taro, zagaye ne, layi zai zo kanka. Wannan na biyun ya shafe ka idan ka zauna da su, don zagayenka na nufin ka biya wa wasu kuɗin giya. Mashayun Temple Bar kuwa na 'yan yawon buɗe ido ne, tsada da cunkoso, su leƙa sau ɗaya ya ishe su. Kai da ba ka son shiga, titin Grafton cike yake da makaɗan titi har yamma, kyauta.

Daren Dublin gajere ne. Mashayu na daina sayarwa ƙarfe 11:30 daga Litinin zuwa Alhamis, 12:30 ranar Juma'a da Asabar, 11:00 ranar Lahadi, gidajen rawa kuma wajen 2:30. A Yuli kuwa rana ba ta faɗuwa sai kusan 9:30 ko fiye, wato lokacin da kake idar da Magariba su sun ci rabin darensu. Sai ku raba: yini tare, bayan abincin dare kowa ya kama gabansa, ku haɗu a shagon kebab da tsakar dare, don can kowa ke ƙarewa, mai sha da marar sha. Ku sayi katin Leap na shiga bas da jirgi, ku kuma san lokacin na ƙarshe, don tasi na wuya idan aka tashi daga mashayu.

Ka ware wa kanka safiya ɗaya ka je ɗakin adana littattafai na Chester Beatty da ke harabar fadar Dublin. Shiga kyauta ne, kuma suna riƙe da Alƙur'anin da Ibn al-Bawwab ya rubuta da hannunsa a Bagadaza fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Abokanka na barci a lokacin, ba za su ma san ka fita ba.

Kada ka ɗauki kilishi ko dambun nama. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama daga ƙasashenmu, ƙwace shi za a yi a filin jirgi. Yaji ka ƙulla mai yawa, kashi biyu, don rabi yayarka za ta karɓe tun ba ka ajiye jaka ba.