Amsar Kawu daga Las Vegas

Ɗana, saƙonka ya iso, har da ɗan bidiyon mutumin nan da aka jibge wa daloli a kan tebur yana ɗaga awarwaro sama. Ka ce wai gasar kawai kake son ka gane, da su wane ne suke cin ta. To, na ji. Amma ni na san muryar Yaya ko ta bakin wa ta fito. Abin da take son sani shi ne ko ƙanenta da ke zaune a garin nan tun 2002 yana cin halal, kuma ko 'ya'yansa Hausawa ne har yanzu. Zan amsa naka, in amsa nata. Ka karanta mata duka, kada ka tsallake inda bai yi maka daɗi ba.

Abin da ka gani sunansa World Series of Poker, gasar karta ce irin wadda ake kira foka, ana yin ta duk shekara daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli, daidai lokacin da zafin garin nan ke sa mutum ya tuna Sakkwato da alheri. Ni ban taɓa zama a teburinsu ba, amma na kwashe su a mota fiye da shekara ashirin, kuma ɗan caca idan an cinye shi ba ya iya yin shiru, sai ya ba direba labarin kartar da ta kashe shi ɗaya bayan ɗaya. A bakinsu na koyi abin da na sani.

Wani mai gidan caca, Benny Binion, shi ya fara ta a 1970 a gidansa mai suna Horseshoe, can tsohon gari. A wannan shekarar 'yan wasan ba su cika tebur biyu ba, kuma ba ma cinye juna suka yi aka samu zakara ba, ƙuri'a suka jefa suka zaɓi wani dattijo ɗan Texas, Johnny Moss. Daga 1972 kuɗin shiga babbar gasar ya zama dala 10,000, kuma har yau nan yake, ba a ƙara ko sisi ba. Kowa ya biya a ba shi tulin kwandalolin wasa, masu tsayawa a madadin kuɗi, daidai da na kowa. A raba wa kowa karta biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya na kowa da kowa, kai ka haɗa mafi kyawun biyar. Rabin wasan burga ce: ka tura kuɗi kamar kana da abin kirki alhali ba ka da komai, don na kusa da kai ya tsorata ya zubar da tasa. Wanda kwandalolinsa suka ƙare ya tashi, babu dawowa. Haka za a yi ta yi kusan mako biyu har a bar mutum ɗaya. Shi za a ba awarwaron zinariya, al'adar da aka soma a 1976. Namiji da awarwaron zinariya! Ranar da na fara bayyana wa wani dattijonmu ɗan Damagaram wannan, cewa ya yi to ɗankunnen fa, sai badi?

Shekarata ɗaya da zuwa aka yi abin da ya sauya gasar. Wani akawu daga jihar Tennessee, sunansa na gaskiya Chris Moneymaker, wato kamar a ce maka sunan mutum Maikuɗi, ya samu kujera ta wata 'yar gasar intanet da bai biya dala ɗari ba, ya zo ya doke mutum 838 ya tafi da dala miliyan 2.5. Shi ke nan, duk wani mai kwamfuta a Amurka ya ce ai shi ma zai iya. Zuwa 2006 mutum 8,773 suka shiga, Jamie Gold ya ci miliyan 12. A 2023 Daniel Weinman ya ci miliyan 12.1, a 2024 kuma aka yi taron da ba a taɓa yi ba, mutum 10,112, Jonathan Tamayo ya ɗauki miliyan 10. Akwai wani mai yawan surutu, Phil Hellmuth, da ya ci babbar gasar a 1989 yana ɗan shekara 24, yanzu awarwaronsa 17 daga gasanni daban-daban na wannan taro, ya fi kowa. Tun 2005 a otal ɗin Rio ake yi, har 2022 da aka kai ta babban titin gari. Mu direbobi mun fi son Rio, wurin juyawa ya fi yalwa.

Wani abu da nake lura da shi, wataƙila don ni ma baƙo ne: yawancin sunayen da suka zauna mini a rai na baƙi ne. Johnny Chan, wanda ya ci 1987 da 1988 a jere, a ƙasar Sin aka haife shi. Joe Hachem na 2005 haifaffen Labanan ne da ya girma a Ostireliya. Jerry Yang na 2007 ɗan Laos ne da ya yi zaman sansanin 'yan gudun hijira a Tailan yana yaro, ya ci miliyan 8.25 ya ba da kashi goma cikin ɗari sadaka. Hossein Ensan na 2019 ɗan Iran ne mazaunin Jamus. Ba na yabon sana'arsu. Amma na san irin zuciyar da ke sa mutum ya bar garinsu da jaka ɗaya, ita ma ai tura duk abin da ke gabanka ne ka jira kartar da za ta fito.

Sai dai bidiyon naka mutum ɗaya ya nuna maka. Ni sauran nake ɗauka. Kusan kashi 15 cikin ɗari ne kawai ke samun wani abu, sauran kashi 85 sun ajiye dala 10,000 sun tafi. Na taɓa ɗaukar wani wajen ƙarfe biyu na dare, ya fita saura mutum kaɗan a kai ga masu karɓar kuɗi. Ya shiga baya, bai faɗi inda za shi ba, ya cire hularsa yana ta juya ta a hannu. Sai da na tambaye shi sau uku. Da muka isa ya zauna bai buɗe ƙofa ba, ya ce in ba shi minti ɗaya, matarsa tana sama ba ta yi barci ba. Na kashe mita na ba shi minti goma. Su kansu masu cin, da yawansu ba nasu ba ne duka, sun sayar da kaso ga waɗanda suka biya musu kuɗin shiga, ga gwamnati na jiran nata harajin. Kuma duk direban da ya daɗe a nan ya san labarin Stu Ungar, wanda da yawa ke cewa ba a taɓa yin gwani kamarsa ba. Ya ci 1980, ya ci 1981, ya dawo ya ci 1997 aka ba shi miliyan ɗaya. A Nuwamban 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki mai arha a garin nan, yana da shekara 45, abin da ke jikinsa bai kai dala dubu ba. Ƙwaya da caca suka cinye sauran.

To, yanzu ga na Yaya.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa. Akwai mu 'yan Najeriya, akwai 'yan Nijar, akwai 'yan zangon Kumasi da Ankara waɗanda Hausarsu ke ba yaranmu dariya, namu kuma ke ba su. Mafi yawanmu tuƙi muke yi, wasu gadi, wasu kula da marasa lafiya, matan kuma kitso da girki. Garin nan jihar Nevada ce ta halatta masa caca tun 1931, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, Yaya, duk dalar da ke yawo a nan ta taɓa gilmawa ta kusa da tebur. Na'urar caca har a filin jirgin sama akwai ta, har a kantin da nake sayen madara. Don haka ba mu da damar da kuke da ita ta cewa ba ruwanmu. Dole muka zauna muka ja layi, kuma mun yi shekaru muna musu a kan inda layin zai bi. Inda akasarinmu muka tsaya: ba ma zama a tebur, ba ma raba karta, ba ma zuba giya. Tuƙi kuwa, da gyaran ɗaki, da gadin wurin ajiye motoci, gumin mutum ne. Akwai wanda bai yarda da ko wannan ba, ya kwashe iyalinsa ya koma wata jiha, kuma ba mu ga laifinsa ba. Akwai wani yaro da ya karɓi aikin raba karta don ya fi tuƙi kuɗi. Ba mu kore shi ba, yana zuwa suna, yana zuwa jana'iza, yana cin tuwo da mu. Amma da ya nemi shiga adashinmu sai aka yi ta kallon ƙasa, har ya gane ya janye da kansa. Har yau ban tabbata mun kyauta masa ba.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne tukuici. Fasinja ya ci kuɗi, ya yi murna, ya miƙo maka ƙari a kan kuɗin mota. Wasu suka ce ladan aikinka ne, ba a ɗora maka binciken aljihun kowa ba. Wasu suka ce in ya faɗa maka da bakinsa daga tebur ya fito, to ka sani. Wani ya taɓa ba ni koriyar kwandala ta dala 25. Kafin ta zama kuɗi sai na shiga gidan cacar, na ratsa teburan, na je wurin mai canji. Na kai bakin ƙofa na juyo. Tana nan cikin akwatin da nake ajiye fasfo, ta fi shekara goma, na kasa kashe ta, na kasa yar da ita.

Tun da an zo nan, bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. A watannina na farko na saka dala 20 a na'ura. Ko minti biyar ba ta yi ba. Abin da ya tashe ni ba wa'azi ba ne, Baba na tuna, Allah ya jiƙansa, ranar da ya tsinci karta a aljihun wandona ina aji shida. Yaya za ta tuna, ita ta ɓoye ni bayan rumbu. Bai ma doke ni sosai ba. Ya zaunar da ni ya ba ni labarin ƙanensa da ya ajiye sabon kekensa a wurin 'yan karta na bakin tasha ya dawo gida a ƙasa, ya ce wa Kaka sace shi aka yi. Ashe caca ba a Amurka aka haife ta ba. Kai kanka, ɗana, ka san abin da samari ke yi da wayoyinsu duk ranar da ake ƙwallon Ingila, har sai da Hisba ta bi shagunan tana rufewa a Kano a 2024. Ban faɗa don gori ba. Amma yana yi mini ciwo a ce duk wanda ya ji sunan garin da nake sai ya kalle ni a kaikaice, alhali abin da nake gudu a titi shi yana cikin aljihunsa.

Maganar matata kuma. Na san har yau a gida "Baturiyar" ake ce mata, ita da ta fi Yaya duhu. Baƙar fatar Amurka ce, iyayenta sun musulunta kafin a haife ta, a masallacin As-Sabur da ke yammacin gari wata dattijuwa ta haɗa mu. An ba da sadaki, an yi waliyyi, an shafa fatiha, abin da aka rasa lefe ne kawai, ita kuma ta ce ba ta gane dalilin akwati bakwai ba. Ita ce ta fi ni tsanani a kan tukuicin nan. Ita ke tashin yara asuba. Tuwonta har yau da saura, wannan na yarda, amma miyar kukarta in aka rufe wa Yaya ido ba za ta ce ba a Fagge aka kaɗa ta ba.

Yaran suna jin Hausa sarai, mayarwa ce ke yi musu nauyi, sai su amsa da Turanci. Babbar takan ce "yaron ta zo", in gyara, ta sake. Amma ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta miƙa wa babba abu da hagu, kuma in baƙo ya shigo sai ta rusuna, abin da ƙawayenta ke ɗauka ta yar da wani abu ne take nema. Da muka zo gida wancan karon wani a zaure ya ce mata 'yar Amurka, aka yi dariya. Ba ta ce komai ba sai a jirgi, ta tambaye ni: a can an ce ita 'yar Afirka ce, a nan an ce 'yar Amurka, to a ina ne ake ce mata 'yar gida? Na yi kamar barci ya ɗauke ni.

Ka ce wa Yaya kuɗin rufin ɗakin da na turo na tuƙin watan Yuni ne, mita ce ta ƙirga su, ta sa a yi aikin kafin ruwa ya yi ƙarfi. In an samu mai zuwa a aiko mana da kuka da daddawa da kanwa. Kada a sa kilishi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi, na bara ma a gaban idon mai kawowa aka jefa shi kwandon shara.