Murfin cikin ƙofar tsohuwar a-kori-kura

Malam, kai da ke neman murfin cikin ƙofa na tsohuwar Hilux ɗinka, kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo zaka nufa, nan Mushin, daga Idi-Araba ma ba nisa. Amma ka ciro tsohon ka tafi dashi a hannu, don ni na taɓa sayowa da ka na dawo ramin hannun ɗaga glas bai dace ba, kuɗina suka tafi. Tokunbo, wato na hannu da ake shigowa dashi daga waje, yafi, sai dai ka juya bayansa ka duba ko ruwa ya kumbura katakon, ka san damunar Legas. In babu, mai ɗinkin kujerun mota zai yanko falwaya siririya ya sa soso da leda. Kilif ɗin da ke riƙe murfin kam sayi sabbi, tsoffin karyewa suke.