Amsa: Fushi da kuɗin wasa a teburin foka

Ɗan'uwa, ka ce kana buga foka, wato wasan karta na kuɗi, a gidan caca a can Amurka, kuma da an cinye ka sai zuciya ta ɗebe ka, ka nufi na'urar ATM. Hukuncin caca a addini ka san shi, kuma da za ka bari gaba ɗaya da na fi kowa murna. Amma ga amsar tambayarka kan yadda za ka shawo kan fushin da kuma asarar kuɗin.

Ko A biyu ka riƙe, wato kartar da ta fi kowace ƙarfi, abokin karawarka na da K biyu, mai bi mata, zai cinye ka kusan sau 18 cikin 100. Lissafin wasan ke nan, ba wanda ya yi maka asiri. Mai neman ramuwa nan take shi ne abincin ƙwararrun teburin, domin yakan shiga da kartar da ya kamata ya yar. Ga kuma gidan da ke yankar kasonsa a kusan kowane zagaye.

A teburin dala 1 da 2, wato inda kuɗin tilas na buɗe kowane zagaye dala 1 ne da dala 2, yawanci da dala 200 ake zama. Masu wasan sukan ce a ware ninki 20 na wannan, dala 4,000 ke nan, kuɗin da ba na haya ba, ba na aikawa gida ba, ba kuma bashi ba. In babu su, teburin ya fi ƙarfinka.

Ka bar katin banki a gida. In dala 400 sun tafi, ka tashi, ko da ƙarfe 9 bai yi ba. In kuwa ka fara ɓoye wa iyalinka asarar, ka je gidan ka nemi su sa sunanka cikin waɗanda aka hana shiga. Jihohi da dama suna da wannan tsari.