Bindiga a Hannu, Sifili a Faifai: Amsoshi ga Masu Sayen HeroClix

Wani ɗalibi da ke karatu a Amurka ya rubuto game da HeroClix, wasan tebur da ake gwabza faɗa a kan taswira da 'yan mutum-mutumin jaruman labaran zane, yana cewa: "Malam, na sayi 'yan mutum-mutumin HeroClix guda biyu. Ɗaya yana riƙe da ƙatuwar bindiga, amma lambar nisan harbinsa sifili ce. Ɗayan kuma an ƙera shi a sama kamar yana tashi, sai abokin wasana ya ce dokar wasa ba ta ba shi damar tashi ba. Algus aka yi mini ne, in mayar wa mai kanti kayansa?"

Ɗan'uwa, da wuya a ce algus ne, domin haka wasan yake tun lokacin da kamfanin WizKids ya fito da shi a 2002. Abin da doka ta sani shi ne faifan da ke juyawa a gindin mutum-mutumin, wanda ke nuna lambobi huɗu ta wata 'yar taga: gudu, kai hari, kariya da yawan ɓarna. Duk sa'ad da aka ji wa jarumi rauni sai a murɗa faifan, lambobi su sauya, launukan da ke bayansu su ma su sauya, kuma kowane launi wata baiwa yake nufi. Robar da ke tsaye a bisa faifan kuwa ado ce kawai. Idan alamar da ke kusa da lambar gudu takalmi ce, jarumin a ƙasa yake tafiya ko da an ƙera shi cikin gajimare. Sai ka ga fiffike sannan za ka ce yana tashi, kamar yadda kifin dolfin ke nuna gwanin ruwa. Haka ma bindiga ba ta harbi sai lambar nisan harbi da ke kusa da alamar walƙiya ta wuce sifili.

Dalilin saɓanin shi ne hannu biyu ne suke aikin, kuma kowa da abin da ya sa a gaba. Mai ƙira yana neman tsayuwar da za ta ja ido a kanti, shi kuwa mai tsara lambobi lissafin maki ne a gabansa, tun da yawancin wasanni a kan tawagar da jimillar makin jarumanta 300 ne ake yin su, kuma kowace baiwa da aka ƙara wa jarumi sai ta ɗaga farashinsa na maki. Ga kuma batun tsimi: ƙera sabuwar siffa yana cin kuɗi, shi ya sa kamfanin yake maimaita siffa ɗaya a kan faifai daban-daban. Daga 2002 zuwa 2007 ma ƙa'ida ce a fitar da jarumi ɗaya a matakai uku, sabon shiga mai zoben rawaya, mai ɗan gogewa mai shuɗi, da tsohon hannu mai ja, siffarsu ɗaya amma ƙarfinsu ya sha bamban. Ni kaina ina ganin akwai lokutan da saɓanin yake wuce gona da iri, don babu wanda zai ji daɗin jarumi mai makami a hannu da ba ya iya amfani da shi, amma wannan kuka ne da za a kai wa masu tsara wasan, mai kanti ba shi da laifi a ciki.

Kafin ka yanke hukunci, karanta katin jarumin, domin tun daga jerin Avengers na 2007 ake haɗa kowane mutum-mutumi da katinsa, kuma farin akwati a kan faifai yana nufin baiwa ta musamman da ba a bayyana ta ko'ina sai a katin. Mai yiwuwa a can aka ba mai bindigarka damar harbi. Sannan ka gwada lambar shaidar jarumi da tambarin jerin da ke gindin da waɗanda ke katin, ka kuma nemo hoton wannan lambar a intanet. Idan siffar da ka gani ba ita ce a hannunka ba, to an manna roba a faifan da ba nata ba, kuma a nan ne kake da hujjar mayarwa.

Wata uwa kuma ta tambaya: "Ɗana yana son Spider-Man ƙwarai. In saya masa rufaffen kwali ne, ko in zaɓi guda ɗaya?"

Hajiya, rufaffen kwali yawanci mutum-mutumi biyar ne a ciki, kuma ba a sanin ko su wane ne sai an buɗe, saboda haka kina iya sayen uku ba ki ga Spider-Man ba. Idan wasa yaron zai koya, kwalin masu farawa ya fi dacewa, domin yana zuwa da taswira da dayis da bayanin dokoki, kuma ana sanin jaruman da ke ciki tun kafin a biya. Idan kuwa ajiyewa zai yi yana kallo, ki sayi ɗaya tilo wanda siffarsa ta burge shi, ki manta da lambobi. Tsofaffin da aka daina karɓa a gasar sababbin jaruma sukan yi araha sosai. Sai dai idan na hannu za ki saya kuma da niyyar wasa, kada ki karɓi wanda aka yi daga jerin Avengers na 2007 zuwa yau ba tare da katinsa ba. Ki kuma duba shekarun da aka rubuta a jikin kwalin, saboda ƙananan sassa suna karyewa, kuma hatsari ne a gidan da ke da mai rarrafe.

Tambaya ta ƙarshe daga wanda ya saba da Warhammer 40,000, wani wasan tebur na 'yan mutum-mutumin sojoji, ce: "Jarumina mai faffaɗar alkyabba yana tare wa na bayansa harbi? Kuma zan iya cire siffar da ban so in manna wata?"

A wasan da ka saba, abin da ido ke hangowa daga inda sojan yake tsaye yana da tasiri, amma a nan ana jan layin harbi ne daga tsakiyar gida zuwa tsakiyar gida a cikin gidajen murabba'i da aka zana a kan taswira, don haka gidan da jarumi ya tsaya ne yake tarewa, faɗin alkyabbarsa ba ya ƙara komai. Girmansa ma alamar da ke kusa da lambar ɓarna ce ke faɗa, ko ɗan mitsitsi ne, ko daidai, ko ƙato. Sauya siffa kuwa ba laifi ba ne tsakaninka da abokanka a gida matuƙar kowa ya yarda, amma ka tambayi alƙalin gasa kafin ka kai shi wurin gasa, kuma ka sani masu tarawa ba sa biyan cikakken kuɗi a kan abin da aka taɓa ɓallewa aka manna.