Tambaya da Amsa: Bayan ziyarar Fas, ina za mu huta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana za mu je ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas ta ƙasar Maroko cikin watan Disamba, in Allah ya yarda. Muna da rarar kwana biyu, kuma ba ma son hayaniyar birni. Akwai ƙauye a kusa inda za mu ga gonakin zaitun da idonmu? Daga wata Hajiya, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kai ku lafiya. Ku nufi Maulay Idris, wani ɗan gari da ke manne a jikin dutsen Zarhun. Daga Fas ku hau jirgin ƙasa zuwa Maknas, ba ya kai awa guda, sannan ku shiga tasi ta haɗaka, kimanin kilomita 30. A nan kabarin Idris na Ɗaya yake, sharifi daga tsatson Sayyidina Hasan, wanda ya rasu a shekarar 791 Miladiyya. Ɗansa Idris na Biyu shi ne ya raya Fas, kin ga ke nan ziyara ce kan ziyara.

Kun dace da lokaci, domin daga Nuwamba zuwa Janairu ake girbin zaitun. Za ki ga an shimfiɗa tamfol a gindin bishiya, maza na kaɗa rassa da dogayen sanduna, mata da yara na tsincewa. Ki roƙi mai masaukinku ya kai ku wurin matsar mai irin na gargajiya, inda dabba ke jan dutsen niƙa. Sabon mai kore ne shar, yana yi wa mutum yaji a maƙogwaro, kuma wannan yajin alamar kyansa ce. Ni dai ban ga abin da ya kai shi daɗi da gurasa mai zafi da shayin na'ana'a da safe ba. Amma kada ki tsinki ɗanye daga bishiya ki kai baki. Ɗacinsa kamar maɗaci, sai ya sha ruwan gishiri na makonni yake ciwuwa.

A ƙasan garin kaɗan akwai Walili, kufan birnin Rumawa da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. Har yau duwatsun da suka matse zaitun da su suna nan.

Babbar shawarata ita ce ku kwana. Yawancin baƙi yini suke yi su koma, bayan la'asar garin ya zama na masu shi. Sai dai sanyi ne sosai ga ruwan sama, ku tafi da rigunan sanyi masu kauri. Lungunan duk matakala ne, mota ba ta shiga, jakuna ke dakon kaya. In ɗayanku na fama da gwiwa, ku kama masauki kusa da dandalin gari.

Man da za ki sayo tsaraba kuwa, a ɗaure bakin jarkar sosai a sa cikin akwatin awo, domin ba za a bar ki ki shiga jirgin sama da shi a jakar hannu ba.