Amsa ga 'yar uwar da take farkawa a firgice alhali mafarkin ba na tsoro ba ne

Assalamu alaikum 'yar uwa. Wallahi ina gama karanta tambayarki sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar labarina kika ɗauko kika rubuta. Kin ce mafarkin naki ba wani abin tsoro a ciki, wani lokacin kina kasuwa ne ko kina hira da ƙawarki ta makaranta, amma sai ki farka gabanki na dukan uku-uku, jiki na ɓari, gumi sharkaf, barcin ya tafi ke nan har asuba, kuma kina so ki ji ko akwai wadda ta taɓa shiga irin wannan da abin da ke kawo shi. Ni na shiga, kusan shekara ɗaya da rabi na yi a ciki, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ɗanɗana.

Nawa ya fara ne bayan haihuwata ta uku, ban daɗe da yin arba'in ba. Daren da ba zan taɓa mantawa ba mafarki na yi wai ina gidanmu na da, gidan da na tashi, ina gyaran zogale a faifai, mahaifiyata na gefe tana tankaɗe. Shi ke nan fa. Ba maciji, ba mai bina da gudu, ba faɗawa rijiya. Kawai sai na ji na zabura na tashi zaune, zuciyata kamar za ta faso ƙirjina ta fito, bakina ya bushe ƙamas, yatsuna sun yi sanyi suna min kamar ana tsira min allura, ina jan numfashi amma kamar iskar ba ta wuce maƙogwarona. An ɗauke wuta, ɗakin duhu, sai na ga kamar bangon ne ke matsowa. Na suri jaririn na yi tsakar gida ba ko takalmi ba ɗankwali, na tsugunna gindin randa ina kwarfar ruwa ina zubawa a kaina da hannu ɗaya, yaron na tsala kuka a ɗaya hannun. Abban yara ya fito da fitilar waya yana ta tambayata lafiya, ni kuwa kalmar shahada nake ta maimaitawa don na riga na sadaƙar tafiya ce ta zo, har na fara gaya masa mutanen da suke bina bashi da inda na ajiye kuɗin adashi, ina roƙonsa ya riƙe min yarana kar ya bari a raba su. Na ga lokacin a wayar tasa, 3:20. Kafin ƙarfe 4 abin ya lafa kamar ba a yi ba, sai gajiya da kuka. Daga wannan daren na koma tsoron kwanciya, da an yi sallar isha'i gabana zai fara faɗuwa.

To a nan ne na faɗa hannun wani mutum da har gobe in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Wata maƙwabciyata ce ta kai ni, da kyakkyawar niyya, wai mai magani ne yana taimakon mata. Ya ce in faɗa masa mafarkin, na faɗa, ya yi shiru yana girgiza kai sannan ya ce ganyen da na gani sammu ne aka binne min, kuma wadda ta yi mace ce doguwa fara da take shiga gidana ba shamaki. 'Yar uwa kin san yadda zuciya take in tana cikin tsoro, nan take na hasko ƙanwar maigidana, yarinyar da tun ina amarya take taya ni aiki, ita ta kwana da ni a asibiti ranar haihuwar nan. Zuwa uku na yi wurinsa ya karɓe min naira dubu 45 ban da zakara, sai da na sayar da 'yan kunnena ba da sanin Abban yara ba. Ya ba ni wani hayaƙi ya ce in rufe ƙofa da taga in turara kullum kafin in kwanta, ni da jariri a ɗakin, yaron ya kama tari ni kuma ƙirjina ya ƙara toshewa, firgitar da take zuwa sau ɗaya a sati ta koma kusan kullum. Na koma na gaya masa, sai cewa ya yi ai alamar aikin na ci ne, abin ne yake jin zafi, in ƙaro kuɗi a yi na ƙarshe. Mutumin nan yana kallon idona, yana ganin yadda na rame na yi zuru-zuru, yana ganin jariri goye a bayana yana tari, bai ji tausayina ba ko na minti ɗaya. Kuma abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne, yarinyar nan ce. Ta kawo min dambun nama da ta yi da hannunta na karɓa na yi godiya, tana fita na juye a shara. Na daina ba ta yaron ta ɗauka. Wata rana ta tsaya a bakin ƙofa ta ce Anti me na yi miki, na ce ba komai, ta juya tana share hawaye da gefen hijabinta. Wata 8 muka yi a haka saboda maganar mutumin da bai taɓa ganinta ba. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba. Kar wata ta fahimce ni ba daidai ba, ni ban ce babu sihiri ko babu aljanu ba, kuma ruƙiyyar da aka koyar da ayoyi da addu'o'i ina yi har yau, da kaina nake yi wa kaina. Amma duk wanda zai ce miki wance ce ta yi miki abu daga jin mafarki, ki tashi ki bar wurin.

Sauƙin ya zo ne ta dalilin tarin yaron. Na kai shi asibiti, wata nas ta kalle ni ta ce maman yaro ke ma ba ki da lafiya, ta ja fatar idona ta ƙasa ta ce ji yadda ya yi fari fat. Aka auna jinina, ma'aunin yawan jini da suke kira PCV ya nuna 25, jinina ya yi ƙasa sosai tun zubar da na yi wajen haihuwa ban sani ba. Likitar da na gani mace ce, Allah ya saka mata da alheri, ta zauna ta saurare ni har na gama kukana. Ita ta fara ce min ba mafarkin ne yake firgita ki ba, jikinki ne yake tayar da ke, sai ƙwaƙwalwa ta waiwaya tana neman dalili ta kama abin da ta gani na ƙarshe ta ɗora masa laifi. Wannan maganar ita ta kwance min kai, shi ya sa nake so ke ma ki ji ta.

Yadda ta min bayani, barci hawa-hawa ne, yana zagayawa kamar kowane minti 90, kuma akwai matakin da suke kira REM wanda ido ke motsi a ƙarƙashin fata, a nan aka fi yin mafarki. A lokacin ƙwaƙwalwa tana aiki kusan kamar ido biyu, ɓangaren da ke kula da tsoro a kunne yake, bugun zuciya da numfashi ba sa tafiya daidai, suna hawa suna sauka ko da mafarkin na gyaran zogale ne. In wani abu ya fizgo ki daga barci a daidai nan sai ki farka ki tarar da zuciya tana gudu, tsoro ya shiga, tsoron ya ƙara mata gudu, haka abin zai yi ta hawa. Kuma wannan matakin ya fi tsawo a ƙarshen dare, shi ya sa yawancinmu tsakanin ƙarfe 3 da asuba abin ke samun mu, ga shi lokacin ne sinadarin da ke shirya jiki ya tashi yake fara ƙaruwa a jini. Har dannau ma ta ce daga nan yake, a wannan matakin jiki yana kulle gaɓoɓi don kar mutum ya tashi ya aikata abin da yake mafarki, in kika farka kafin ya sake ki sai ki ji an danne ki kin kasa ko ɗaga yatsa. Akwai kuma waɗanda firgitar ke tayar da su ba tare da mafarkin komai ba, irin wadda ke kama wasu da rana tsaka ce take zuwar musu cikin barci.

Ni abubuwa uku ne suka haɗu min. Ƙarancin jini yana sa zuciya gudu don ta kai ɗan jinin da ya rage ko'ina. Sannan ina ɗinki da daddare in yara sun yi barci, sai in haɗa shayi mai kauri kofi biyu wani lokacin har da ɓarin goro don kar in yi gyangyaɗi a kan keke, ashe abin da ke hana barci a cikinsu yakan ɗauki kamar awa 5 kafin rabinsa ma ya bar jiki, kin ga rabin wanda na sha ƙarfe 10 yana nan daram ƙarfe 3. Na uku damuwa, lokacin kasuwar Abban yara ta tsaya, bashi ya yi mana yawa, ni kuma ban gaya wa kowa ba ko mahaifiyata, kullum murmushi nake ina cewa lafiya lau. Mu mata haka aka raine mu, ki yi haƙuri, ki rufa asirin gidanki, kar a ji kanku, to na yarda rufin asiri abu ne mai kyau amma wallahi abin da kika haɗiye da rana yana nan yana jiranki da daddare. Kuma in kika ce ba ki da lafiya ba a ga kin kwanta ba sai a ce shagwaɓa ce ko ƙiwar aiki, ni har cewa aka yi don kar a yi min kishiya nake wannan abin, mutanen da ko sannu ba su ce min ba ranar da na kwana a gindin randa. Bari dai in bar wannan.

Dan Allah ki je a auna jininki, a duba hawan jini da suga, in da hali har da ƙwayar nan ta wuya da ke kawo maƙoƙo, don in tana aiki fiye da ƙima ita ma tana sa bugun zuciya da gumi da rama. Ki tambayi maigidanki ko wadda kuke kwana ɗaki ɗaya ko kina minshari, ko numfashinki yana ɗaukewa ki yi shiru sannan ki ja da ƙarfi, wannan ma yana zaburar da mutum a firgice bai san dalili ba. Mai ƙwannafi ko olsa in ta ci tuwo da yaji ta kwanta nan take haka, mai ciwon suga in sugan ya faɗi cikin dare haka, abin shaƙa na asma da wasu magungunan mura su ma suna sa zuciya gudu, ki ɗauki duk abin da kike sha ki nuna wa likita. In an ba ki ƙwayoyin ƙarin jini kar ki kora da shayi, yana hana su shiga jiki sosai, ni sai da aka gaya min. Kuma ki ji wannan da kyau, in kin haihu kwanan nan kuma kina farkawa numfashi na gagararki, ba kya iya kwanciya sai kin tara filo, ƙafafu sun kumbura, kar ki jira gari ya waye, akwai ciwon zuciya na bayan haihuwa da likitoci suka daɗe suna gani a wurarenmu irin su Zariya da Kano, kuma yawan kanwa a kunun jego ba ya taimakawa. Haka in ciwo ne a ƙirji yana sauka hannu ko muƙamuƙi, asibiti kai tsaye.

In abin ya tayar da ke ki tashi zaune, kar ki duba agogo kar ki ɗau waya, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4 ki sake a hankali kina ƙirga 6, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, ki sa ƙafarki a ƙasa ki ji sanyin siminti. Ni nakan ce wa kaina wannan ya taɓa zuwa ya tafi, yanzu ma zai tafi, don yawanci cikin minti 10 yake kai ƙarshen ƙarfinsa ya fara sauka. Ina karanta a'uzu bi kalimatillahit tammati min gadabihi wa iƙabihi wa sharri ibadihi wa min hamazatish shayaɗini wa an yahdurun, in ya ƙi in yi alwala in yi raka'a biyu, ruwan ma kansa yana kwantar min da jiki. Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi kuwa ba na kwanciya ban yi ba. Amma kar ki shiga kemis ki sayi maganin barci da kanki, wata da na sani haka ta fara da rabin ƙwaya yanzu ba ta iya runtsawa sai da shi. Kuma in an ce ki ga likitan ƙwaƙwalwa kar ki ji an zage ki, mutane da sun ji asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware sai su ce hauka, alhali masu damuwa da firgita da rashin barci suna zuwa a duba su su koma gida ranar.

Ni bayan wata 3 ina shan maganin jini, na mayar da shayina na safe kawai, na zauna na gaya wa mahaifiyata halin da muke ciki, abin ya ragu sosai, yanzu sai in yi watanni bai zo ba, in ya zo ma na san shi. Ƙanwar maigidana kuwa har ɗakinta na je na durƙusa na gaya mata komai, ta yi kuka na yi kuka ta ce ta yafe, amma har yau in ta kawo min abinci sai na tuna dambun nan da na zubar zuciyata ta yi min nauyi.

Ki ɗan ƙara mana bayani 'yar uwa, ƙarfe nawa kika fi farkawa, kin haihu kwanan nan ko kina da ciki, jinin al'adarki yana zuba da yawa, me kike sha da daddare, kuma akwai abin da ke damunki da ba ki gaya wa kowa ba? In ba kya so ki faɗa a nan ki min magana ni kaɗai, ina nan. Allah ya ba ki lafiya ya kwantar miki da hankali.