Fitilar titi: mai ruwan goro ko farar LED?

Ka tambaye ni me ya sa ake ta sauke fitilun titi masu hasken ruwan goro ana ɗaura farare alhali tsofaffin ba su mutu ba, kuma wacce ta fi. To yaro, ajiye filayar nan ka saurara.

Mai ruwan goron sodiyam ce. A cikin ƙwan akwai siririn bututu mai ɗauke da sodiyam da ɗan zaiba, kuma ba ta kamawa ita kaɗai. Sai da cok mai tsare yawan wutar da ke shiga, da igneta mai harba mata dubban bolt ta tashe ta, da kafasita mai daidaita yadda fitilar ke jan wuta daga layi. Ko ta kama, sai ta yi minti 3 zuwa 5 kafin haskenta ya cika. Wuta ta ɗan ƙifta, ta mutu, sai ta huce kamar minti ɗaya sannan ta sake farawa. Ka dai san halin wutarmu: a kawo, a ɗauke, a kawo ba ƙarfi. Idan ta faɗi ƙasa da bolt 230 sosai, sodiyam takan ƙi tashi. In kuwa ka ga wata tana kamawa tana mutuwa duk dare da wuta lafiya lau, ƙwan ne ya tsufa. Canza shi da wuri kafin ya ja igneta su tafi tare.

LED nan take take kamawa. Haskenta ƙasa yake fuskanta, ba kamar sodiyam da ke watsa shi ko'ina sai madubin cikin kan fitilar ya tattaro ba. Shi ya sa mai wat 100 zuwa 120 ke iya maye gurbin sodiyam mai 250, ban da abin da cok ke ci a gefe. Ita ce kuma ke tafiya da sola da batir. Sannan a ƙarƙashin sodiyam ba ka bambance launin mota ko rigar mutum sosai, a ƙarƙashin LED kuwa ras kake gani.

Saboda haka sabon aiki LED zan sa. Amma kada lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Za su rubuta awa 50,000, su ce sodiyam 24,000 take yi. Ƙananan idanun masu ba da haske ba su cika mutuwa ba. Abin da ke mutuwa shi ne direba, ɗan akwatin da ke juya wutar layi ta koma irin wadda LED ke so. Zafi ne ajalinsa. A bazara Kano da Sakkwato kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi a bayan fitilar. Damina ta zo, tsawa ta ƙarasa shi. Sodiyam, Allah sarki, kamar jaki take wajen jure wahala, kuma duk abin da ya lalace a jikinta ɗaya ne za ka cire ka sa wani.

Don haka in za ka saya, ɗaga ta ka ji nauyi. Marar nauyi ba ta da ƙarfen sanyaya kirki. Buɗe ka ga ko direban na kwancewa ne, don in an liƙe shi, ranar da ya ƙone fitilar duka ta tafi. Duba akwai abin tare tsawa mai bolt 10,000, kuma ka binne wayar ƙasa a gindin falwaya. Jona ta a mita ka ga wat nawa take ci da gaske, wasu rabin abin da aka rubuta ma ba sa kaiwa.

Sai launi, wanda ake aunawa da K (Kelvin): lambar na hawa, hasken na ƙara fari. Fara fat mai 6,500K tana kashe ido, musamman cikin hazo. A 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar kada ta titi ta wuce 3,000K. Ni cikin unguwa 3,000 nake sawa, babban titi 4,000.

Tsoffin ƙwayayen da muke saukewa kuma kada ka fasa su ko ka bar wa yara, akwai zaiba a ciki. Jera su a kwali daban.